Ganyen Magarya a Jakata

Ku da kuke turo mini saƙo kuna cewa "Allah sarki Haulatu," ku daina. Ban zo neman tausayi ba. Mata uku na kashe a garin Daura, dukansu tsofaffi, dukansu da rana tsaka, kuma a gidan kowacce sai da aka riƙe hannuna aka sa mini albarka. Wanda ya san zuciyarsa ba za ta ɗauka ba, ya rufe wayarsa tun daga nan.

Ga wanda yau ya fara shigowa: shekaruna ashirin da shida, gidanmu yana bayan rijiyar Kusugu, kuma abin da aka san ni da shi a unguwa shi ne jinya. Ban yi karatun asibiti ba, hannu ne ya saba. In tsohuwa ta kwanta, 'ya'yanta suka gaji da juya ta da wanke ta, sai a ce a aika wa Haulatu. A garin nan an iya makoki, ba a iya jinya ba. Uwa tana ɗakin baya shekara uku ba mai leƙa ta sai ƙuda, ranar da ta cika sai ka ga an kafa rumfa, an jera kujeru, 'ya'ya sun zo daga Abuja suna kuka da baƙin gilashi a ido. Wannan gaskiya ce, amma kada ku ɗauka hujja nake kafa wa kaina. Ta farko kakata ce, shekara huɗu tana kwance, bayanta duk gyambo, na ce tausayi ne. Ta biyu Gwaggo Madina maƙwabciyarmu, na sake cewa tausayi ne, amma ko ɗigon hawaye ban yi ba. Ta uku Hajiya Auta, sauƙi take samu, ranar ma har zaune ta tashi. Abin da nake bi shi ne shirun da yake sauka a ɗaki bayan na ɗage filo, shirun da nake ji kamar an zuba wa ƙirjina ruwan randa. Duk wanda ya kira wannan tausayi, maƙaryaci ne irina.

Ana cikin haka sai ga Suhaibu. Fataucin tumaki yake yi tsakanin Mashi da Daura, dogo ne, baƙi, dariya ba ta yi masa wuya. Wata bakwai yana zuwa ƙofar gidanmu zance, kuma ranar Juma'ar nan manyansa za su zo wajen Baba neman aurena. Ina son sa. Wannan ma ku rubuta a cikin laifuffukana, domin wanda ya san abin da yake ɗauke da shi bai kamata ya miƙa hannu ga ɗan mutane ba.

Mahaifiyarsa ita ce Inna Kubura, mai wankan gawar mata a ɓangarenmu. Ita ta wanke su duka ukun.

Saura kwana uku Juma'a, da safe ina shara, wayata ta yi ƙara. Suhaibu ne.

"Ranki ya daɗe, an tashi lafiya? Inna ta kwana da ciwon ƙirji. Na ce mu je asibiti ta ƙi. Ta ce yau ba wanda take so ya zauna da ita sai ke."

Na karanta sau uku. Tsintsiyar ta zame daga hannuna ban sani ba. Na rubuta, "Ni kuma? Ai da kunya."

"Ni ma haka na ce mata, ta ce ciwo bai san surukuta ba. Ni na kama hanyar Mashi, raguna suna jirana. Ki lallaɓa mini ita, kafin ke ita kaɗai ce da ni."

Umma tana gindin darbejiya tana tankaɗen garin dawa. Na durƙusa na karanta mata saƙon, ina fatan ta ce ba a yin haka.

"Umma, wa ya taɓa ganin yarinya ta je gidan surukai tun ba a kawo ko goro ba?"

Ta ajiye rariyar ta dube ni sama da ƙasa. "Wace yarinyar? Yarinya ga ta can, Murjanatu ƙanwarki, tana gidan mijinta da goyo a baya. Ke kin gama wanke tsummokaran tsofaffin mutane a banza, yau uwar mijinki ta kira ki kina mini noƙe-noƙe?"

"Ai ba a ɗaura ba tukuna."

"Da bakinki za ki kwance shi ke nan. Wannan gwaji ne, in ba ki sani ba ki sani. Tsohuwa so take ta ga hannunki." Ta ci gaba da tankaɗe. "Ki sa atamfar nan mai ruwan ƙasa, ban da jan baki. In an ba ki abinci ki ci loma uku ki tsame hannu. Kuma ki saki fuskar nan, kin tsaya mini kamar wadda aka aiko wa da mutuwa."

Na shiga ɗaki na sa atamfar, ɗinkin riga da zani, na ɗora hijabi ruwan toka mai jan ƙasa, na shafa humra kaɗan a wuya. Na dubi wuyan hannuna na dama. Wata uku ke nan ina maimaita jan lalle a wajen, mutane suna cewa Haulatu ta fara kwalliyar amarci da wuri. Tabo uku ne a ƙarƙashinsa, dogaye, na farcen Hajiya Auta.

Na janyo jakar jinyata. Sabulu, ƙaramin tawul, man zafi, cokali. Ban san abin da ya sa na juye ta na kakkaɓe ba. Sai ga busassun ganyen magarya guda uku sun faɗo daga kusurwa.

Bari in gaya muku kuskuren da ya hana ni barci wata uku. Ni mutum ce mai son tsari. Ranar da kakata ta rasu, sai da aka yi ta aike gida-gida ana neman ganyen magarya da kafur na wankan gawa, tana kwance a tabarma ana jira. Abin ya tsaya mini a rai. Na ce ko ba komai wadda na raka ba za ta jira ba. Don haka ranar Hajiya Auta, tun da sassafe na biya ta bayan gari, wajen magaryar da ke hanyar Sandamu, na tsinko ganye cike da leda, na haɗa da kafur da auduga, na sa a jaka, sannan na shiga gidan na ce ina kwana. Bayan azahar aka fara kuka. Aka kira Inna Kubura. Ta naɗe hannun rigarta ta ce, "A nemo mini magarya." Kafin kowa ya motsa na buɗe jaka na miƙa mata.

Matan gidan suka ce, "Kai, Haulatu, Allah ya yi miki albarka."

Inna Kubura ta karɓi ledar. Ta murza ganye ɗaya a yatsunta. Ɗanye shar, bai ko yi yaushi ba. Ta dube ni sau ɗaya, ta ce, "Zo ki zuba mini ruwa." Tun daga ranar ba ta sake yi mini magana ba bayan gaisuwa.

Na tsince ganyen ukun na jefa a murhu, na fita na tari adaidaita.

Gidan su Suhaibu ƙarami ne, na ƙasa, an shafe shi da siminti. Ɗakin Inna yana jikin zaure, bango ɗaya ya raba su, da wata 'yar taga can sama kusa da rufi. A tsakar gida na ci karo da Hadiyya ƙanwar Suhaibu, ta sha leshi ruwan hoda da ɗauri, tana neman takalmi ɗaya.

"Lale da amaryarmu," ta ce tana dariya. "Tun kafin a biya kuɗin ɗinki an fara aiki? Ni Sandamu za ni suna. Na ce zan fasa, Inna ta ce in ban tafi ba sai ta saɓa mini. Ga ki ga ta, in ta cika miki faɗa ki sa mata man zafi a baki."

"Sai yaushe?"

"Sai magariba, in an sami mota."

Ta fita ta ja ƙyaure. Gidan ya yi tsit, sai kukan akuya a bayan danga.

Na yi sallama na durƙusa daga bakin ƙofa. Ɗakin tsaf. Gadon ƙarfe da filo biyu, tabarma, buta, tsohuwar adaka a kusurwa, a kanta wani farin ƙyalle a ninke cikin leda. Na san likkafani in na gan shi. Tsofaffi da yawa sukan tanadi nasu, ba abin mamaki ba ne, amma ban taɓa ganin wadda ta ɗora shi a fili ranar da ta kira mai jinya ba.

"Ina kwana, Inna. Ya ƙarfin jiki?"

"Da godiya. Matso, 'yar nan, ba cizo nake ba."

Gajeruwa ce, busasshiya, hannayenta manya kamar ba nata ba. Na dama mata kunu ta sha rabin kofi. Na ce bari in shafa mata man zafi, ta kwance wuyan riga. Na ɗora tafina a ƙirjinta na saurara. Ni na san ƙirjin mara lafiya kamar yadda Suhaibu ya san haƙorin rago. Numfashinta yana shiga yana fita ba gargada, ba kurman tari, ba zafi a fata. Matar nan lafiyarta lau. Zuciyata ce take dukan uku-uku.

"Hannunki da sanyi," ta ce. "Haka Auta take cewa."

Na share ɗakin da yake a share, na wanke kofin da yake a wanke. Duk inda na juya idonta yana bayana. Sau biyu na ɗauki waya in ce wa Umma kaina yana ciwo zan dawo, sau biyu na mayar. In na gudu na amsa laifi. In na zauna ban san abin da nake jira ba.

Aka kira azahar muka yi salla. Ta tashi da kanta ta yi alwala, ba ta ko dafa bango ba. Da ta shafa addu'a ta koma bakin gado ta nuna mini ƙasa kusa da ƙafarta. Ta yi ƙasa da murya sosai, sai da na matsa kafin in ji.

"Magaryar nan da kika ba ni ranar Auta. Yaushe kika tsinko ta?"

Amsar tana bakina tun wata uku. "Da safe, Inna. Ta tofi ce. Hajiya ta ce tana jin kamar an yi mata sammu, na ce zan kawo mata ta yi wanka."

"Mai tofi ganye bakwai yake tsinka. Ke kin cika leda." Ta ja carbi ɗaya. "Kafur ɗin fa, shi ma na sammu ne? Da audugar?"

Na sunkuyar da kai. Gumi yana bin bayana a cikin atamfa.

"Da safen da kike faɗa, ni na biya na gaishe ta. Tana zaune tana shan koko tana zagin jikokinta. Ta ce mini, Kubura, bana ma kin rasa ni."

"Rai ai na Allah ne, Inna."

"Kada ki sa sunan Allah a wannan maganar." Ba ta ɗaga murya ba, amma sai da na ja baya. "Shekara talatin da ɗaya ina wanka. Na wanke wadda miji ya karya wa haƙarƙari. Na wanke budurwar da ta tafi da ciki iyayenta ba su sani ba. Ko bango ban taɓa faɗa wa ba. Wadda ta koya mini ta ce, abin da hannu ya taɓa a tabarmar wanka, a nan ake barin sa. Kakarki na ga jajayen ɗigo a farin idonta, na ga leɓenta ya fashe ta ciki, na ce zafin fitar rai ne. Madina na sake gani, na ce Kubura tsufa ya fara taɓa idonki. Auta kuwa, ina share mata farce da tsinke na ciro fatar mutum. Na ɗago kai, sai na ga mai zuba mini ruwa da hagu take zubawa, ta naɗe dama a hijabi."

Ta miƙo babban hannunta ta kama wuyan hannuna, ta murza lallen da babban yatsa, daidai kan tabon. Ta saki.

"Ta farko laifinki ne ke kaɗai. Ta uku ni da ke za a tsayar, domin na gani sau biyu na yi shiru."

Abin da ya fito daga bakina ba tuba ba ne. Cewa na yi, "Wa kika gaya wa?"

Ta dube ni, ta girgiza kai a hankali. "Kin ji tambayar da kika yi?"

"Suhaibu ya sani?"

"Sau biyu ina hana shi zuwa gidanku. Ya ce, Inna, ki ba ni dalili, yarinyar da duk gari ke yabo. Dalilin yana kan tabarmar wanka, ni kuma ban iya ɗauko abu daga can ba. Harshen ya ƙi. Na je har ƙofar malam na tsaya, na juyo." Ta ajiye carbin a cinya. "Ba zan faɗa ba, Haulatu. Ke za ki faɗa. Da bakinki, a gaban ɗana, sannan a gaban mahaifinki, kafin Juma'a."

"In na ƙi fa?"

"In kin ƙi, ranar Juma'a za a ba shi ke. Wata rana in kwanta ciwon gaske, a ce ga surukarta gwanar jinya." Ta ɗan murmusa, ba na daɗi ba. "To me ya kai mu jira? Ga ni yau."

Ta janye filo ɗaya daga ƙarƙashin kanta ta ajiye a gefen gado, kusa da gwiwata. Ta kwanta a ɓarin dama, fuska ga alƙibla, ta juya mini baya.

"Zan ɗan kishingiɗa. Ba kowa a gidan."

Sai ta fara salati. Ita da ɗazu sai na kasa kunne nake jin ta, yanzu da ƙarfi take yi, kamar mai karanta wa kurma. Na ɗauka tsoro ne. Mutum in ya ji mutuwa kusa yakan ɗaga murya.

Na san abin da kuke jira. Kuna jira in ce na fashe da kuka, na kama ƙafarta, na ce Inna ki yafe mini. Masu rubuta muku labarin daɗi haka za su ce. Ni abin da ya fara zuwa raina shi ne, yau ban zo da magarya ba.

Daga nan tunanin ya jeru da kansa, tsaf, kamar yadda nake jera kayan jaka. Tsohuwa ce mai shekara sittin da biyar. Ɗanta da hannunsa ya rubuta cewa ta kwana da ciwon ƙirji, saƙon yana wayata. 'Yarta ta gan ta a kwance. Ga likkafani ta fito da shi da kanta, za a ce ta ji a jikinta. Kuma wa zai wanke mai wanka? Wata ce za a ɗauko daga wata unguwa, wadda ba ta da idon Kubura. Maganar ranar Juma'a za a ɗaga ta, a yi sadakar bakwai, a yi ta arba'in, sannan a zo neman auren. Suhaibu zai yi kuka, ni zan rarrashe shi. Duk wannan na gama lissafa shi kafin ta kai salati na goma. Kuma a ƙarƙashin lissafin akwai wancan abin, ƙishin shirun, yana tasowa daga cikina kamar yunwa.

Na ɗauki filon. Na miƙe a kan gwiwoyina.

Wayata ta yi rawa a cikin hijabi.

Da na bar ta. Amma hannun hagu ya riga ya ciro ta, filon yana dama. Suhaibu ne.

"Amarya, kina ciki? Na dawo tun ɗazu, ina zaure. Inna ce ta sa ni rantsuwa da safe in bar kasuwa in dawo bayan azahar, in zauna a nan ba sallama. Wai in saurari salatinta ta taga, in na ji ya tsaya in shigo da gudu. Tsufa dai. Kada ki ce na gaya miki."

Na ɗaga kai na dubi 'yar tagar da ke kusa da rufi.

A daidai lokacin Inna Kubura ta yi shiru. A tsakiyar kalma ta yanke, kamar an datse zare.

Ga shirun da nake nema ya sauka a ɗakin, kuma ba ni na kawo shi ba.

Ta juyo a hankali, idonta a buɗe tar, ta dubi filon, ta dube ni. Daga zaure na ji benci ya faɗi, na ji ƙarar takalmi a tsakar gida.

"Wannan ba a tabarmar wanka na gan shi ba," ta ce. "Da raina na gani. Ga shi nan tafe. Ko ki ajiye ki faɗa masa, ko ki riƙe ya gani da idonsa."

"Inna?" Muryarsa tana bakin ƙofa. "Haulatu?"

Na ce wa yatsuna su saki. Labule ya ɗaga, hasken rana ya faɗo a kaina, kuma har yanzu ba su saki ba.